Kaset Ɗin da Modu Ya Yi Magana a Ciki

Ku jawo bencin nan inuwa, tunda wuta ta ɗauke, babu mai tura wa kowa waƙa a waya sai ta dawo. Kai mai jar hula, ɗazu na ji ka ce wai sana'armu ta da ba komai ba ce, danna maɓalli ne kawai, kaset ya yi ta juyawa mutum yana kurɓar shayi. Ban tanka maka ba saboda akwai mai saye a tsaye. Yanzu ya tafi, sai ka buɗe kunnenka.

Sunana Sale, amma a Fagge in ba ka ce Sale Indiya ba, babu mai nuna maka gidana. Na shiga sana'ar nan ina saurayi, a shagon Malam Buba, wani Bafulatanin Adamawa dogo siriri, mai faɗa kamar ya ari baki. Shagon yana kan hanyar da ta taso daga Kantin Kwari ta nufi tashar jirgin ƙasa. Aikinmu shi ne ɗaukar waƙoƙin Indiya daga faifan garmaho zuwa kaset, mu sayar. Na daɗe a hannunsa bai bar ni na taɓa allurar garmaho ba. Shara, ɗebo ruwa, goge faifai da tsumma mai laushi, kuma a bi layin faifan, kada a tsallaka shi. Sai babban aikin, wato saurare.

Domin a lokacin ba mai zuwa ya faɗa maka sunan waƙa. Wa ya sani? Mutum zai kalli fim a silima a Sabon Gari, washegari ya zo ya tsaya maka a ka ya ce, "Wadda yarinyar nan take kuka a gindin bishiya nake so." To, don Allah, yarinya nawa ce ta yi kuka a gindin bishiya a fim ɗin Indiya? Sai ka ce ya ɗan rera. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya sunkuyo ya yi maka gunaguni ta hanci, wani ma muryar kamar tsohon injin markaɗe. A cikin wannan gunagunin za ka gane waƙar. In ka ɗauko wadda ba ita ba, Malam Buba ba zai ce maka uffan ba, tsaki kawai zai ja. Wallahi tsakin nan ya fi mari ciwo, har yau ina jin sa a ƙeyata.

Kuma waƙoƙin sun cancanci wahalar, kada ku ji komai. Su Indiyawa mutane ne da ba sa gaggawa. Sarewa za ta fara shigowa ita kaɗai, ta yi yawonta. Goge ya biyo ta, ba guda ɗaya ba, da yawa, duk suna tafiya tare. Sannan 'yar gangar nan da suke bugawa da yatsu ta shigo a hankali. Sai an gama shimfiɗa wa murya tabarma tukuna take zuwa ta zauna. In mace ce, siririya ce ƙal, tana hawa har ka ce yanzu za ta tsinke, ba ta tsinkewa. In namiji ne mai waƙar rabuwa, ko ka ci ka ƙoshi sai ka ji kamar an yi maka rasuwa. Indiyanci dai ba ma ji, sai 'yan kalmomin da muka tsinta, amma mutumin da yake kukan uwarsa ba ya bukatar tafinta. Mu muka raɗa musu sunayenmu: waƙar maraya, waƙar ruwan sama, waƙar kwalekwale.

Masu saye kuwa kowa da halinsa. Direbobin dogon zango na baƙin ciki suke so, wai su ne ke hana su gyangyaɗi. Telolin Kwari masu kiɗa da sauri, ƙafa na taka keke tana bin ganga. Akwai wani malamin makaranta mai rawani da yakan zo ya tsaya nesa da ƙofa, ya ce, "Iyali ne suka aiko ni." In ka sa masa wata daban, sai ya manta da iyalin ya ce, "A'a, ba ita ba ce, waccan da sarewa take farawa." Mu kuwa sai mu ce, "To, Malam, a gaida iyalin."

Yanzu ga abin da ba ku sani ba. A farkon zamanina ba mu da wayar da ke haɗa garmaho da rakoda. Rakodar ake ajiyewa a gaban lasifika, ta ɗauki abin da ta ji, kuma ba ta zaɓe. Zakara ya yi cara, ya shiga. Jirgi ya yi kuka daga tasha, ya shiga. Don haka da sassafe muke ɗauka, daga an idar da sallar asuba kafin gari ya tashi. A rufe ƙofa, a rataya bargo, a toshe taga da buhu. Malam Buba ya ɗaga yatsa, kowa ya haɗiye numfashinsa. Tari ya zo maka sai ka cusa hula a baki. In an gama lafiya, wannan kaset na farko shi muke kira uwa, daga gare shi ake haifar duk na sayarwa. Kowane kaset da ya fita daga shagonmu kuwa sai Malam ya ɗiga masa jan farce a kusurwa, alamarsa ke nan.

Wata safiya Modu ya buga mana ƙofa da akwatin katako a ka. Modu Babarbare ne, iyayensa sun zo daga Borno tun da daɗewa suka zauna a bayan tasha, shi kuma yana aiki a wajen ɗora kaya a jirgi. Abokin wasan Malam Buba ne, kun san Fulani da Barebari, kullum suna musun wane ne bawan wani. Ashe wani Ba'indiye mai kantin yadi ne zai bar garin gaba ɗaya, kayansa na tasha, jirginsa zai tashi da hantsi. Modu ya lallashe shi ya ara mana fayafansa na wannan ɗan lokacin, da sharaɗin kada idonsa ya bar kan akwatin. Ka ga ba damar a kore shi waje. Malam ya dube shi ya ce, "Kai bawana, na san bakinka ba ya rufuwa. In ka yi ko tari, a cikin akwatin nan zan sa ka a kai ka Indiya." Modu ya rantse zai zama kurma.

Ya kuwa yi ƙoƙari, Allah Ya sani. Muka ɗauki faifai bayan faifai yana zaune ya dafe baki da hannu biyu, idanu sun yi jawur. Ana saura waƙa ɗaya, rana ta fara ɗagawa, Malam ya ɗora waƙar kwalekwale. Ba mu taɓa jin ta da kyau haka ba, faifan sabo fil. A tsakiyarta akwai inda sarewa take sauka ƙasa, komai ya yi tsit, sai matar ta ɗauko murya tun daga ƙasa ta yi sama da ita. Tana kaiwa can, Modu ya saki baki ya ce, "Kai! Jama'a ku ji murya! Allah Ya yi halitta!" Malam Buba ya ja wani dogon tsaki. Kafin ya ce a sake, jirgi ya yi kuka a tasha. Modu ya tattara fayafan ya sa a ka, ya fita da gudu, Malam na bin sa da zagi har bakin titi.

Ba mu da wata uwar sai wannan, haka muka sayar da ita, Malam yana ba masu saye haƙuri. Abin mamaki, ita ta fi kowace tafiya. A shagon aski, a tashar mota, a gidan biki, in waƙar ta zo wurin nan sai ka ji mutane sun haɗa baki da Modu, "Jama'a ku ji murya!" sannan kowa ya ja tsaki a yi ta dariya. Daga baya da muka sami waya da dek, wato injin kwafar kaset mai baki biyu, muka samo waƙar tsaf babu surutu, sai aka riƙa dawo mana da ita. Wai mun ba su wadda ba ta cika ba. Modu kuwa ya sami abin yi wa Malam gori har abada, yana cewa shi ne Babarbaren da ya yi waƙa da Indiyawa, Bafulatani yana yi masa amshi da tsaki.

Shekarar da ta karya mu da damina ta zo. An yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta juyo cikin shago, kwalin da muke ajiye uwaye kuwa yana ƙarƙashin tebur. Da safe muka tarar da su cikin taɓo. Muka wanke, muka shanya a inuwa, muka bi su da auduga ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka tashi, yawanci fumfuna ta cinye, zaren cikin kaset ɗin ya manne ya zama dunƙule. Uwar waƙar kwalekwale na cikin waɗanda suka tafi. A wannan shekarar kuma faifan sidi ya cika Kasuwar Sabon Gari, masu neman kaset suka ja baya. Dek biyu gare mu a lokacin, Malam Buba ya sayar da ɗaya ya gyara rufi da daɓe, ya bar mini ɗaya, bai ƙara wata damina a duniya ba. Allah Ya jiƙansa. Na ci gaba da jan shagon da gyaran rediyo, har Nura, jikan yayata, ya karɓe shi ya mai da shi wannan na waya da kuke gani, ya bar mini lungun nan da tebur.

Bara, bayan sallar layya, adaidaita ta tsaya a nan inda babur ɗin can yake. Wata dattijuwa ta fito tana dogara sanda, 'yarta na riƙe da ita. Ta ce Sale Indiya take nema. Muka gaisa, ta ce waƙa take so, ba ta san sunanta ba. Na ce, "Hajiya, ɗan rera mini." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta yi ɗan gunaguni. Tun kafin ta kai ƙarshe na ce wa Nura waƙar kwalekwale ce, na kwatanta masa fim ɗin. Yaron nan gwani ne, ban gama gyara zama ba ya lalubo ta a kwamfuta, tas da ita kamar yau aka rera. Hajiya ta saurara tana gyaɗa kai. Da sarewa ta sauka sai na ga ta miƙa wuya, ta karkata kunne. Matar ta hau da murya, ta sauko, waƙa ta wuce. Hajiya ta ce, "Ba ita ba ce."

Nura ya ce, "Hajiya, wallahi ita ce, babu wata."

Ta ce, "Ɗana, ba ya ciki."

Na ce, "Wa, Hajiya?"

Ta ce, "Baban su Zara."

Sai a lokacin na dube ta da kyau. Hajiya Falmata ce, matar Modu, Zara kuwa ita ce 'yar da ke riƙe da ita. Modu ya rasu tun kafin wayoyin nan masu ɗaukar murya su zo. Kaset ɗin da ya kai mata tana amarya, rediyo ya cinye shi tuntuni, yara suka zubar. Ta ce, "Malam Sale, fuskarsa ina da hoto. Muryar ce ta ɓace mini. In na zauna in tuno yadda yake kirana, sai in ji shiru. Ina so in ji shi ko sau ɗaya kafin in bi shi." Ni kuwa na san inda uwar ta tafi. Na ce ta ba ni lokaci, ban yi mata alkawari ba.

Na shiga bin tsofaffin masu sayenmu gida gida. Mai askin da ke saka ta kullum ya ce ya zubar da nasa tun da ya sayi talabijin. Wani direba ya rasu, 'ya'yansa sun sayar wa 'yan gwangwan da komai. Malamin nan mai rawani ma na je, ya tsufa tukuf, ya yi dariya ya ce iyalin sun daɗe da tuba. Har na fara saƙa yadda zan gaya wa Hajiya, sai na tuna da Baba Lasisi, Bayaraben nan mai gyaran keken ɗinki a Sabon Gari, mutumin da ko karyayyar allura ba ya yarwa. Ya jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, muka yi ta tono muna atishawa. Can ƙasa na hango kusurwa mai ɗigon jan farce. Baba Lasisi ya ce, "Na Modu ne! Kullum sai mun mayar da shi baya mu sake jin wurin nan." Na ji daɗi, amma maganarsa ta tsorata ni.

Da na kwance kaset ɗin a kan teburin nan, abin da nake tsoro shi na gani. Na cire sukurorin, na ɗaga murfin a hankali. Ɗan soson da ke danna zare a kan rakoda ya faɗi, wannan mai sauƙi ne, na ciro na wani na manna. Fumfuna kaɗan ce, na bi ta da busasshiyar auduga ina juya zaren da biro. Amma da na zo tsakiya, sai ga wani wuri kamar tsawon hannu ya yamutse, ya yi laushi, ya kusa zama gashi. Wurin da aka fi mayarwa baya ke nan, wato daidai bakin Modu. A ƙa'idar sana'a, in zare ya lalace haka, reza ake sawa a yanke, a haɗa baki da baki da siririn salatif, waƙa ta ɗan yi tsalle a wuce. Na yi wannan ya fi a ƙirga. To yau abin yankewar shi ne abin da ake nema. Na tafasa ruwa na tsoma cokali, na goge shi, na shimfiɗa zaren a kan gilashi na rufe da ƙyalle, na riƙa guga da bayan cokalin kaɗan kaɗan. In zafi ya yi yawa ya narke, in ya yi kaɗan bai miƙe ba. Wuni guda na yi a kan abin da bai fi kamu biyu ba. Na sauya masa gida, wato sabon kwanson kaset, na wanke kan dek ɗin Malam Buba da sifirit, na sa masa sabuwar roba.

Na ce wa Nura, "Zaren nan sau ɗaya zai wuce, in ya wuce ma. Ni na iya tashinsa, riƙe shi sai kai." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya nemo waya ya haɗa dek da kwamfuta, ya kawo batir saboda kada wuta ta yi mana irin ta yau. Niyyata mu ɗauka tukuna, in ya yi kyau mu kai mata gida, in ya tsinke ba ta gani ba. Na aika wa Zara da haka. Washegari da hantsi sai ga adaidaita. Barebari da kafiya! Hajiya ta zauna a kan bencin nan da kuke kai, ta ce, "In sau ɗaya zai yi magana, a gabana zai yi."

Na tashi na rufe ƙofa, na ɗaga yatsa na ce kowa ya yi shiru. Nura ya ce, "Baba, ta waya yake shiga, ko ganga aka buga ba za ta ɗauka ba." Na ce, "Na sani, yi shiru dai." Na yi bisimilla na danna.

Sarewa ta shigo, tana ɗan rawa saboda tsufan zare. Goge ya biyo, ganga ta biyo. Ni ba waƙar nake ji ba, idona na kan ɗan tagar kaset ina kallon zaren na tafiya, ina ganin wurin gugar yana matsowa. Sarewa ta sauka. Sauti ya dusashe kamar an rufa masa bargo, na ce shi ke nan. Sai matar ta ɗauko murya ta yi sama, kuma a bayanta, ƙasa ƙasa amma sarai, Modu ya ce, "Kai! Jama'a ku ji murya! Allah Ya yi halitta!" Tsakin Malam Buba ya biyo baya, dogo, kamar yana tsaye a ƙeyata. Ba a yi nisa ba zaren ya ce ɗas, dek ya tsaya.

Na dubi Nura. Ya ce, "Ya shiga, Baba. Yana nan."

Hajiya ba ta motsa ba, hannunta na kan baki, Zara na kuka a kafaɗarta. Ni ma na juya ina neman abin da ban ajiye ba a cikin durowa, don ban yi zaton zan sake jin tsakin nan a duniya ba. Nura ya ɗauko ƙarshen waƙar daga tasa mai tsabta ya haɗa, ba ka ko jin gaɓar. Sannan ya ce, cikin ladabi, "Hajiya, zan iya ciro miki muryar Baba Modu ita kaɗai, in cire kiɗan da tsakin nan, ki riƙa jin ta kai tsaye ba sai kin jira ba."

Na ce, "Ka taɓa tsakin nan, ni da kai ne."

Hajiya ta yi dariya da hawaye a fuska. Ta ce, "Bar masa tsakinsa, ai shi ya jawo wa kansa. Kuma kada ka cire komai, ɗana. In ban ji abin da ya ji ba, ta ina zan san abin da ya sa shi magana? Sa mini daga farko."

Nura ya mayar farko. Muka zauna muka jira sarewa ta gama yawonta, babu mai gaggawa. Da Modu ya ce jama'a su ji murya, Hajiya ta sauke hannu daga bakinta ta amsa wa mijinta, "Na ji, Malam. Na ji."